Lamba Ɗaya ko Lamba Biyu: Shin Tabon Masana'anta a Jikin Ƙwallon Bolin Yana da Illa?

Matashin Zariya da ya ɗanɗana wasan bolin (wato gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon titi don kayar da sanduna goma) a Abuja ko Legas, ko wanda ya koyo shi lokacin karatu a Maleshiya ko Dubai, ba ya daɗewa kafin ƙwallayen gidan wasa su ishe shi, domin ramukan yatsun da ke jikinsu an huda su ne don hannun kowa da kowa, saboda haka ba su zauna wa hannun kowa daidai ba. Da zarar ya shiga shagunan intanet neman nasa na kansa, sai ya ci karo da abin da ke rikita sabon mai saye: ƙwallo guda, suna guda, kamfani guda, amma farashi biyu, kuma a gefen mai arhar an rubuta X-Out, ko Blem, ko 2nd, wato lamba biyu. Mai shagon zai ƙara da cewa aibin na ido ne kawai, ba ya shafar wasa. Wannan magana gaskiya ce a mafi yawan lokuta, sai dai ba kullum ba, kuma ko a inda take gaskiya, lissafin mutumin da ke zaune a Samaru ko Tudun Wada ya sha bamban da na wanda ke zaune a Amurka, inda shagon gyaran ƙwallo yake cikin gidan wasan da yake zuwa duk mako.

Ya kamata tun farko a raba wannan kaya da waɗansu guda biyu da ake yawan haɗa shi da su. Ba gwanjo ba ne, domin babu wanda ya taɓa jefa shi, ko huda shi ma ba a yi ba. Ba kuma jabu ba ne, domin injin da ya fitar da na lamba ɗaya shi ya fitar da shi, da sinadari iri ɗaya da ƙwaya iri ɗaya. Abin da ya same shi kawai shi ne ya kasa tsallake binciken ƙarshe kafin a sa shi a kwali, sai kamfanin ya ga da a jefar da shi gara a buga masa alama, yawanci harafin X ko makamancinsa a kusa da lambar da aka sassaƙa a jikinsa, a sayar da shi a rahusa. Manyan kamfanonin wannan sana'a, irin su Storm da ke garin Brigham City a jihar Utah, da Brunswick wanda ya sayi Ebonite a 2019 har tambarin Hammer ya koma ƙarƙashinsa, sun saba fitar da irin wannan kaya, kowanne da sunan da yake kiransa. Inda gizo ke saƙa shi ne alamar guda ɗaya takan rufe aibobi iri daban-daban, tun daga wanda ba shi da tasiri ko kaɗan har zuwa wanda zai ɗaure hannun mai huda ƙwallon, kuma ita alamar ba ta faɗin wanne ne daga ciki.

Ba za a iya bambance waɗannan aibobi ba sai an san yadda ake yin ƙwallon. A tsakiyarsa akwai ƙwaya mai nauyi wadda da gangan aka ƙi mulmula ta, wata mai siffar ƙwan lantarki, wata kuma karkatacciya ta gefe guda, kuma wannan siffa tata ce ke sa ƙwallon ya riƙa sauya yadda yake juyawa yayin da yake tafiya a kan titin wasa. Ana kafa ƙwayar a cikin mazubi bisa wani siririn matoshi, a kwarara narkakken sinadari a kewaye ta, idan ya daskare ya zama ɓawon waje. Gurbin da matoshin ya bari shi ake cikewa da ɗigo mai launi dabam, wanda duk mai ƙwallo yake gani, kuma shi ne ke nuna inda saman ƙwayar yake. Bayan haka sai a sassaƙe ƙwallon a kan inji har ya kai girman da doka ta tanada, wato faɗin inci 8.5 zuwa 8.595, a goge shi, a zana masa suna da lamba, a auna nauyinsa. Ɓawon kansa iri uku ne a taƙaice: foliyesta mai santsi wanda ke tafiya kusan a miƙe, da yuretan wanda ya yi tashe a shekarun 1980, da rezin mai shan man da ake shafa wa titin wasa, wanda ya shigo a farkon shekarun 1990 kuma shi ne a jikin mafi yawan ƙwallaye masu tsada a yau. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ana iya samun kuskure, kuma nauyin kuskuren ya danganta ne da matakin da ya faru.

Mafi yawan abin da ke mayar da ƙwallo lamba biyu launi ne. Launuka biyu ko uku da ake zubawa tare ba sa gaurayuwa iri ɗaya sau biyu, saboda haka wani lokaci shuɗin ya danne jan, ko baƙin ya taru a gefe guda ya bar ɗaya gefen a koɗe, har ƙwallon ya daina kama da hoton da kamfanin ya sa a talla. Haka ma zanen suna: ya karkace, ko fentin da ke cikin haruffan ya zubo waje, ko a buga tambari sau biyu. Duk wannan bai shafi tafiyar ƙwallo ba. Hukumar USBC, wadda ke tsara dokokin wasan a Amurka tun kafa ta a 2005 kuma ƙa'idojinta ne kamfanoni ke bi wajen ƙira, ta fitar da sakamakon wani dogon bincike a 2008 kan abin da ke juya ƙwallo a kan titi, inda ta gano cewa kaushin ɓawo da yadda yake kama titin, mai mai da busasshe, su ne a kan gaba, har sun sha gaban siffar ƙwayar ciki. Shi kuwa kaushin nan ba abu ne da ke dawwama yadda ya fito daga masana'anta ba, domin masu wasa da kansu suke sauya shi da soson goga mai lamba 500, ko 1000, ko 2000, ko 4000, gwargwadon yawan man da aka shafa wa titin. Wanda ya biya ƙarin kuɗi don launi ya yi daidai da na talla ya sayi abin kallo ne, kuma babu laifi a son abin kallo, muddin ya san abin da ya saya ke nan.

Aibi na biyu ya fi buƙatar natsuwa, wato ƙananan ramuka da kumfar iska ke bari a jikin ɓawo lokacin da sinadarin ke daskarewa, da 'yan gurabun da masana'anta ta cike ta goge. A nan tambaya biyu ce: ina ramin yake, kuma yaya zurfinsa. Ƙwallo ba ya taɓa titi da dukkan jikinsa. Yana birgima ne a kan wani zobe, wanda mai wasa zai iya gani da idonsa bayan jifa, domin man titi yakan bar sawunsa a jiki, kuma ga mai jifa da hannun dama wannan sawu yakan bi ta gefen hagu na ramukan yatsu. A ƙwallaye masu ƙarfin ƙwaya zoben yakan riƙa gusawa da kowace juyawa har ya zama zobba da yawa masu faɗin inci kaɗan, amma duk da haka babban ɓangaren jikin ƙwallon ba ya haɗuwa da katako ko sau ɗaya. Rami mai girman kan allura da ke wajen wannan hanya daidai yake da babu. Gwanin mai huda ƙwallo ma yakan yi abin da tela ke yi idan an kawo masa shadda mai tabo a gefe, ya tsara yankansa yadda tabon zai faɗa cikin abin da almakashi zai cire: sai ya juya ƙwallon yadda ramin babban yatsa zai hau kan aibin ya cinye shi, in dai tsarin hudar da ake so ya ba da dama. Idan kuwa ramin ya faɗo a kan hanyar birgima, kuma yana da faɗin da farce ke maƙalewa a ciki, to zai riƙa tara mai da datti, gefensa kuma yana iya ɓantarewa da yawan duka. Ana iya cike shi da sinadarin da ake toshe tsofaffin ramukan yatsu da shi, a goge ya koma sumul, kuma doka ta yarda da hakan, sai dai aiki ne na mai kayan aikin, ba na gida ba.

Tsagewa kuwa ba ta cikin wannan lissafi kwata-kwata. Duk wanda ya nuna maka layin tsaga a jikin ɓawo, komai sirantarsa, ya ce maka na ido ne, ka bar masa kayansa, domin ƙwallo mai laba 15 da ke dukan sanduna goma, kowace mai nauyin fiye da laba uku, ba zai bar tsaga ta tsaya inda take ba. Haka nan ƙwallon da idan an ƙwanƙwasa shi wani gefe ya ba da amo irin na abu mai kogo, alama ce ta ɓawo ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa. Kamfani mai mutunci ba ya fitar da irin wannan ko da sunan lamba biyu, amma kayan da suka daɗe a sito ko suka sha jifa a hanya suna iya isowa a haka.

Akwai kuma aibi na uku, wanda a ganina shi ya fi cancanci a tsaya a kansa, domin ido ba ya ganinsa kuma hoton da ke shagon intanet ba ya nuna shi. A jikin kwalin kowane ƙwallo ana rubuta lambobi: cikakken nauyinsa, da rarar nauyin da aka bari a samansa don cike gurbin abin da huda za ta cire, da tazarar da ke tsakanin ɗigon saman ƙwaya da alamar cibiyar nauyi. A ƙwallayen lamba ɗaya tazarar nan ta fi yawa tsakanin inci 2 zuwa 4, rarar nauyin sama kuma tsakanin oza 2 zuwa 4, wato abin da ya kama daga giram 57 zuwa 113 ko kusa da haka. Idan ƙwayar ta ɗan gusa a cikin mazubi, sai tazarar ta fito gajeriya ƙwarai ko ta zarce inci 5, ko rarar nauyin ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ko kuma, a ƙwallaye masu karkatacciyar ƙwaya, cibiyar nauyin ta kauce daga layin da ya kamata ta hau. Irin wannan ƙwallo jikinsa tas yake, launinsa ya fi na talla kyau ma wani lokaci, amma an saka shi a lamba biyu saboda ya rage wa mai huda zaɓi. Tsarin huda shi ne ke ƙayyade ko ƙwallo zai fara lanƙwasa da wuri a hankali, ko zai yi nisa a miƙe sannan ya karya da ƙarfi a ƙarshen titi, kuma mai wasan da ya san irin tafiyar da yake nema yana iya tarar da cewa lambobin wannan kwali ba za su ba shi ita ba sai ya fita daga iyakar doka.

Sai dai wannan damuwa ta ragu sosai a 'yan shekarun nan, kuma yawancin tsofaffin shawarwarin da ke yawo a intanet an rubuta su ne kafin sauyin. A da doka ba ta yarda gefe ɗaya na ƙwallon da aka huda ya fi ɗaya gefen nauyi da fiye da oza 1 ba, shi ya sa ake ƙara wani rami na musamman don daidaita nauyi. A sauyin dokokin USBC da ya kammala fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2020, an haramta wannan ƙarin rami, aka kuma faɗaɗa iyakar zuwa oza 3 ga ƙwallayen da suka haura laba 10. Ma'anar wannan ita ce ƙwallon da cibiyar nauyinsa ta kauce, wanda a da sai an yi masa dabara kafin ya halatta, yanzu galibi yana shiga cikin iyaka ba tare da wahala ba. Akwai ma gogaggun 'yan wasa da ke neman mai doguwar tazara da gangan, saboda tana buɗe musu wani tsarin huda da na yau da kullum ba ya bayarwa. Abin da bai sauya ba shi ne buƙatar ganin lambobin kafin a biya kuɗi.

Kada kuma a ɗauka cewa lamba ɗaya na nufin babu aibi. A 2016 USBC ta janye amincewarta daga Jackal da Jackal Carnage na kamfanin Motiv, bayan gwaji ya nuna cewa wani ma'aunin ƙarfin ƙwayarsu ya zarce iyakar 0.060 da aka gindaya. A Maris 2022 kuma ta janye amincewa daga Spectre na kamfanin Storm, saboda taurin ɓawonsa ya gaza 73 a ma'aunin da ake amfani da shi. Duka waɗannan ƙwallaye ne na lamba ɗaya, an sayar da su a cikakken farashi, babu tabo a jikinsu, kuma aibin da ya hana su shiga gasa ba wanda zai gan shi da ido. Kamfanonin biyu sun buɗe hanyar musanya wa waɗanda suka saya. Shi kuwa ƙwallon lamba biyu da ke ɗauke da sunan samfurin da aka amince da shi, da lambarsa a jiki, kuma nauyinsa bai wuce laba 16 ba, wato kilo 7.26, harafin X ba ya hana shi shiga gasa. Abin lura ɗaya a nan shi ne idan aibin ya faɗa kan sunan ko lambar har ba a iya karanta su, domin alƙalin gasa da su yake gane ƙwallon.

Babban abin da mai sayen lamba biyu ke rasawa shi ne garanti. Ƙwallon lamba ɗaya yakan zo da alkawarin musanyawa na shekara ɗaya, wasu kamfanonin fiye da haka, idan ya tsage ba da laifin mai shi ba, yayin da na lamba biyu sau da yawa ana sayar da shi ne babu wannan alkawari ko da ɗan taƙaitacce. Ga mazaunin Amurka wannan bambanci ne mai nauyi, domin zai ɗauki ƙwallon ya kai wa shagon da ya huda masa, su kuma su yi magana da dillali. Ga mazaunin Zariya kuwa sai a yi tambaya ta gaskiya: idan ƙwallon ya tsage a watan shida, wa zai kai wa? Neman haƙƙin garanti yakan bi ta hannun shagon da ya sayar ko ya huda, da rasit, da hotuna, kuma ko an amince an ba da sabo, kawo shi Najeriya da sake huda shi suna wuyan mai shi. Ban da haka, kamfanoni da yawa suna soke alkawarin idan an huda rami kusa da ɗigon saman ƙwaya fiye da kima, ko an bar tsakanin ramukan yatsu biyu ya yi siriri ƙwarai, abin da ke faruwa cikin sauƙi idan hudar ba ta gwani ba ce. Saboda haka garantin da ake biyan ƙarin kuɗi dominsa bai kai darajarsa ta takarda ba ga mutumin nan, kuma wannan hujja ce babba da ke goyon bayan lamba biyu.

Amma akwai hujjar da ke ja ta ɗaya gefen, kuma masu murnar arha sukan manta da ita. Jirgi bai san lamba ɗaya ko lamba biyu ba, kilo yake aunawa. Kuɗin dako, da na kwastan, da na huda, duk ba sa raguwa don launi ya koɗe. A ƙaddara, don misali kawai, cewa na lamba ɗaya dala 180 ne, na lamba biyu kuma dala 120. A shago rangwamen ya kai kashi ɗaya cikin uku, abin da zai ja hankalin kowa. Idan aka ɗora wa kowanne dala 120 na dako da sauran ɗawainiya, sai lissafin ya koma 300 da 240, rangwamen ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin biyar. Dala 60 a canjin yau ba kuɗin wasa ba ne, amma idan kayan ya iso da aibin da ya fi wanda aka faɗa, asarar ba ta dala 120 ba ce, ta 240 ce, kuma mayar da shi zai ci kusan abin da kawo shi ya ci. Wanda ke da ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya da zai saka masa a jaka ya fi samun cikakkiyar ribar arhar, ko da yake ya kamata ya san girman alfarmar da yake nema, tunda ƙwallo mai laba 15 kilo 6.8 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na jakar kilo 23.

Maganar huda ita ce ta fi komai raba halinmu da na masu ba da shawara daga waje. Duk abin da aka faɗa a sama game da kauce wa tabo da sarrafa baƙin lambobi ya rataya ne a kan gwanin da zai auna tazarar yatsun mutum da karkatar kowane rami, ya kalli yadda yake jifa, ya gano inda sawun ƙwallonsa ke bi. Aiki ne mai injinsa na musamman da maɗaurin da ke riƙe ƙwallon a kusurwar da ake so, ba abin da za a kai wa kafinta ko mai walda a Sabon Gari ba ne, komai ƙwarewarsa a tasa sana'ar. Ƙwallon lamba ɗaya mai lambobi na tsaka-tsaki yana karɓar tsarin huda na gama-gari ba tare da tunani mai yawa ba, don haka ko shagon intanet ya huda shi daga nesa bisa ma'aunin da aka aika masa, da wuya a yi mummunar ɓarna. Na lamba biyu mai ramuka a jiki ko mai kaucewar cibiya shi ke buƙatar ido da hannu a kusa. Wanda zai sami damar tsayawa gaban mai huda da kansa, a lokacin wata tafiya, lamba biyu ba ta da abin tsoro a gare shi. Wanda kuwa komai nasa ta waya zai gudana, to aibin launi da na zane kaɗai ya kamata ya yarda da su.

Yanayin garinmu ma yana da abin cewa. Ƙwaya da ɓawo ba sinadari ɗaya ba ne, ba sa buɗewa da tsukewa tare idan zafi ya sauya, kuma wannan na daga cikin manyan dalilan da ke tsaga ƙwallo ko da na lamba ɗaya ne. A Zariya sanyin asubar hunturu da zafin ranar Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 35 a inuwa, suna da tazara mai yawa, kuma but ɗin motar da ta yini a rana ko ta ɗauki hanyar Kaduna zuwa Abuja da tsakar rana ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ƙwallon da ke da ɗan rauni a ɓawo shi ya fi saurin nuna gazawa a irin wannan hali, kuma shi ne ba shi da garanti. Maganin ba shi da tsada: a ajiye shi cikin ɗaki inda rana ba ta kaiwa, ba a kan siminti tsirara ba, a cikin jakarsa ko leda, a riƙa juya shi lokaci-lokaci idan zai daɗe ba a yi wasa da shi ba, a kuma goge shi da tawul mai laushi bayan kowane wasa, musamman a watannin ƙura, domin ɓawon rezin yana da ƙofofi ƙanana masu shan mai, kuma mai da ƙura idan sun haɗu sukan toshe su.

Ga sabon ɗan wasa da ke son barin ƙwallon haya, lamba biyu mai aibin launi ita ce sayayya mafi hankali, domin a matakinsa abin da zai gyara masa wasa shi ne ramukan da suka zauna wa hannunsa da nauyin da zai iya ɗauka har ƙarshen wasa ba tare da kafaɗa ta gaji ba, kuma bambancin inci guda a tazarar ɗigo ba zai ji shi ba. Haka ma ƙwallon foliyesta da gogaggu ke ajiyewa don kakkaɓe sandunan da suka rage bayan jifan farko: tunda a miƙe ake so ya tafi, kuma ƙwayarsa ba ta da wani ƙarfi, biyan cikakken farashi a kansa ba shi da wata hujja in ba sha'awa ba. Ɗan kasuwar da ke tunanin buɗe gidan wasa, a ce a wajen GRA ko kan hanyar Samaru inda ɗalibai ke da yawa, shi ya fi kowa cin riba, domin zai sayi ƙwallaye da dama daga laba 6 zuwa 16, kuma cikin 'yan makonni injin da ke dawo da su da hannun jama'a za su yi musu zanen da ya fi na masana'anta. Abu biyu kawai zai kiyaye: gidajen wasa sukan ware kowane nauyi da launinsa don yaro kada ya ɗauki na babba, saboda haka koɗewar da ta sa launin wani nauyi ya yi kama da na wani ta daina zama ta ido kawai, sannan duk wani ɓantaren da ke da kaifi yana iya karce titi ko yanke yatsa.

Wanda ya kai matakin gasa, ya san inda sawun ƙwallonsa ke bi, kuma yana sayen wani ƙwallo ne takamaimai don ya cike wani gurbi a cikin waɗanda yake da su, shi ne kaɗai zan ce ya fi masa sauƙi ya tsaya kan lamba ɗaya, sai fa idan mai shagon ya ba shi lambobin kwalin kuma mai hudarsa ya duba ya ce sun yi. Mai niyyar sayar da ƙwallon nan gaba ma ya tuna cewa harafin X yana bin sa har hannun mai saye na biyu, ko da yake ƙwallon da aka riga aka huda don hannun wani farashinsa faɗuwa yake yi, da alama ko babu.

Kafin a tura kuɗi, a nemi mai shagon ya faɗi dalilin da ya sa wannan ƙwallon musamman ya zama lamba biyu, ya aiko da hoton shi kansa ba hoton talla ba, daga kusurwoyi da dama har da wurin aibin, tare da hoton takardar da ke jikin kwali mai nuna nauyi da rarar nauyin sama da tazarar ɗigo. Shaguna da yawa suna sayar da irin wannan kaya ne a dunƙule, su aiko da duk wanda hannu ya kai gare shi, kuma wanda ya ce ba zai iya ba da waɗannan bayanai ba yana sayar da caca ne, wadda ta fi dacewa da mai gidan wasa da ke sayen ashirin fiye da mai sayen ɗaya tilo. Idan kayan ya iso, a duba shi kafin a bari injin huda ya taɓa shi, domin bayan huda ba a mayarwa: a bi jikinsa duka da farce a cikin haske mai kyau, a ƙwanƙwasa shi ta kowane gefe a saurari amon, a ɗora shi a kan sikeli a gwada da abin da kwalin ya ce, a kuma tabbatar da cewa sunan samfurin da lambarsa suna karantuwa.